Yadda Za Ka Ga Ƙwayar Halitta da Idonka, Ka Kuma Gane Aikin Kowane Sashenta

Hoton ƙwayar halitta da ake bugawa a littattafan makaranta haɗe-haɗe ne. An tattaro abin da masana suka gano a ƙwayoyi daban-daban, da na'urori daban-daban, cikin shekaru fiye da ɗari uku, aka zuba a zane ɗaya aka shafa masa launi. Zanen yana da amfani, amma ɗalibin da ya tsaya a kansa kaɗai yakan haddace sunaye goma sha biyar ba tare da ya san wanne ne babba, wanne ne ƙarami, wanne ido ke iya gani, wanne kuma ba ya iyawa ba. A ganina hanyar da ta fi ita ce mutum ya fara da ƙwayar gaske a ƙarƙashin maikuroskof, ya taɓa ta da ruwa da gishiri da rini, ya ga yadda take amsawa, sannan ya koma ga zanen. Daga nan kowane suna zai zo da aikinsa.

Abin da za ka tanada

Kana buƙatar maikuroskof mai amfani da haske, irin na ɗakin gwaje-gwajen makaranta, wanda ke ƙara girma har sau 400. Sai gilasan ɗora samfur da ƙananan murafunsu, da reza, da ɗan hantsaki, da allura, da abin ɗiga ruwa, da takarda mai shan ruwa, da rula ta roba wadda haske ke ratsawa. Rini iri biyu sun isa a matakan farko: ruwan aidin da metilin mai shuɗi. Samfuran kuwa su ne albasa, fara da ja, da ganyen tsiron ruwa ko gansakuka, da audugar goge kunne sabuwa, da gishiri. Ka ajiye fensir da farar takarda kusa, domin abin da ba ka zana ba, da wuya ka lura da shi sosai.

Mataki na farko: san na'urarka, ka kuma auna filin kallonka

Maikuroskof na da gilashin ido a sama, wanda galibi ke ƙara girma sau 10, da gilasai uku ko huɗu a ƙasa a kan wani faifai mai juyawa: sau 4, sau 10, sau 40. Ana ninka na sama da na ƙasa ne a sami jimillar girman, wato sau 40, sau 100, sau 400. Kullum ka fara da mafi ƙanƙanta. Ka kusanto da gilashin zuwa samfur kana kallo daga gefe, sannan ka sa ido ka riƙa nisanta shi a hankali har hoto ya fito. Idan ka koma kan sau 400, kada ka ƙara taɓa babban marfin saiti, ƙaramin kaɗai za ka murza, in ba haka ba gilashin zai daki samfurin ya fasa shi. In na'urarka mai madubi ce, kada ka taɓa fuskantar da madubin ga rana kai tsaye, hasken na iya lalata ido.

Akwai wani aiki na minti biyu da mutane da yawa ke tsallakewa, alhali shi ke ba duk abin da zai biyo baya ma'ana. Ɗora rular roba a ƙarƙashin sau 40, ka ƙirga milimita nawa ke ratsa da'irar hasken daga gefe zuwa gefe. A na'urori da yawa za ka sami wajen milimita 4.5. Idan haka ne, a sau 100 faɗin zai zama milimita 1.8, a sau 400 kuma milimita 0.45, domin filin na raguwa daidai gwargwadon yadda girman ke ƙaruwa. Ma'aunin da ake amfani da shi wajen ƙwayoyi shi ne maikuromita, kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ke nan filinka a sau 100 maikuromita 1,800 ne, a sau 400 kuma 450. Rubuta na taka na'urar a gefen takarda.

Mataki na biyu: ɓawon albasa

Yanka farar albasa, ka ciro ɓare ɗaya mai kauri. A gefen ciki, wato inda ya lotsa, akwai wata siririyar fata mai sheƙi. Karya ɓaren baya, fatar za ta ɗago da kanta, sai ka kama ta da hantsaki ka ja. Yanki ɗan murabba'i wanda bai wuce rabin santimita ba ya wadatar. Dalilin da ya sa ake son wannan fata shi ne kaurinta ƙwaya ɗaya ne tak, haske na ratsa ta ba tare da wata ƙwaya ta hau kan wata ba.

Ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kan gilashi, ka shimfiɗa fatar a ciki, ka miƙar da ita da allura kada ta naɗe. Ƙara ɗigon aidin. Sa gefe ɗaya na murfin ya taɓa ruwan, ka tallafe ɗaya gefen da allura, ka sauke shi a hankali. Wanda ya saki murfin gaba ɗaya daga sama zai tara kumfar iska, kuma kumfa a ƙarƙashin maikuroskof tana fitowa da'ira mai baƙin baki mai kauri, wadda sabon shiga kan ɗauka ƙwaya ce. Jira minti biyu rinin ya kama.

A sau 40 za ka ga layuka na dogayen ɗakuna jere kamar tubalin gini. Kowane ɗaya ƙwaya ce. Koma sau 100 ka ƙirga nawa ne suka jeru a tsawonsu daga gefen fili zuwa gefe. Idan shida ne, raba 1,800 gida shida, ka sami tsawon kowace wajen maikuromita 300. Ka auna ƙwaya ke nan da hannunka.

Layin da ya kewaye kowace ƙwaya shi ne bangonta, kuma an yi shi ne da zaren selulos. Shi ne abin da Robert Hooke ya gani a Ingila lokacin da ya duba siririn yankin ɓawon itacen da ake yin toshiyar kwalaba da shi, ya buga zanensa a 1665. Ƙwayoyin da ya duba matattu ne, bango kaɗai ya rage musu. Naka samfurin da ransa, don haka duba ciki. Za ka ga wani ɗan dunƙule da ya fi sauran wurin duhu, sau da yawa a maƙale a gefe. Wannan shi ne nukiliyas, ma'ajiyar DNA, inda umarnin gina ƙwayar da tafiyar da ita yake. Robert Brown ne ya bayyana shi a ƙwayoyin tsiro a 1831. A sau 400 wani lokaci ana ganin ɗigo ɗaya ko biyu a cikinsa, wato nukiliyolas, inda ake harhaɗa sassan raibosom, ƙananan sassan da ke ƙera furotin.

Tambayi kanka me ya tura nukiliyas gefe. Amsar ita ce tsakiyar ƙwayar, da ke kama da fili wayam, cike take da wata babbar jakar ruwa da ake kira bakiyul. A ƙwayar tsiro da ta girma, jakar nan na iya cinye mafi yawan sararin ciki, ta matse saitoplazam, wato ruwan kauri mai ɗauke da sauran sassa, ya zama siririn shafi a jikin bango. Rage hasken na'urar kaɗan ta hanyar tsuke ƙofar haske da ke ƙarƙashin faifan ɗora samfur, za ka ga wannan shafin da ɗan tsakuwa-tsakuwa, musamman a kusurwoyi. Yawan haske na ɓoye abubuwa fiye da ƙarancinsa.

Lura kuma da abin da babu. Babu ko ɗigon kore, domin wannan sashe na albasa ba ya samun rana, ba shi da buƙatar kuloroflas, koren sashen da ke haɗa abinci da hasken rana. Aidin ma bai koma baƙi-baƙi ba, ya tsaya a rawaya mai duhu, domin albasa ba sitaci take tarawa ba.

Mataki na uku: gishiri, da tantanin da ba a gani

Nan ne nake so ka daɗe. Sashe mafi muhimmanci a kowace ƙwaya mai rai shi ne tantanin da ya lulluɓe ta, amma kaurinsa bai wuce nanomita 7 zuwa 10 ba, nanomita kuwa kashi ɗaya ce cikin dubu na maikuromita. Babu maikuroskof na haske da zai nuna maka kaurinsa. A ƙwayar tsiro ma manne yake da bango ta ciki. Dabarar ita ce ka sa shi ya rabu da bangon.

Ɗauki jar albasa. A wannan karon fatar waje ta ɓaren kake so, mai launin shunayya, domin launin yana narke ne a cikin jakar ruwa, ba sai ka sa rini ba. Shirya ta da ruwa zalla, ka duba a sau 100. Kowace ƙwaya cike take da launi har bakin bango. Zana biyu ko uku.

Yanzu narka gishiri giram 5 a ruwa mililita 100. Ba tare da ka ɗaga murfin ba, ɗiga ruwan gishirin a gefe ɗaya na murfin, ka taɓa ɗaya gefen da takarda mai shan ruwa. Takardar za ta janye tsohon ruwan, na gishiri ya maye gurbinsa. Maimaita sau biyu ko uku, idonka na kan gilashin ido. Cikin 'yan mintuna launin zai fara janyewa daga kusurwoyi, ya tsuke, ya ƙara duhu, ya bar farin sarari tsakaninsa da bango. Bangon bai motsa ba. Iyakar dunƙulen nan mai launi da ya tsuke, nan tantanin yake.

Abin da ya faru shi ne tantani na barin ruwa ya wuce cikin sauƙi, amma yana tare gishiri. Idan aka raba ruwa biyu da irin wannan tantani, ruwa na tafiya daga ɓangaren da abin da ya narke a cikinsa ya yi kaɗan zuwa ɓangaren da ya fi yawa. Wannan shi ake kira osmosis. Ruwan gishirin da ke waje ya fi na cikin ƙwaya kauri, sai ruwa ya fita, jakar ta saki. Farin sararin da ka gani cike yake da ruwan gishiri, wanda ke nuna cewa bango ba ya tace komai, kowa na ratsa shi. Tantani ne mai zaɓe.

Sai ka juya aikin. Ja ruwa zalla ta ƙarƙashin murfin sau da yawa. Idan ba ka bar ƙwayoyin sun daɗe a gishiri ba, launin zai sake bazuwa ya cika ɗakin. Wadda ta ƙi dawowa, ko wadda launinta ya tsiyaye waje, tantaninta ya lalace, ta mutu. Ƙwaya na iya rasa abubuwa da dama ta ci gaba da rayuwa na ɗan lokaci, amma da zarar tantaninta ya daina bambanta ciki da waje, shi ke nan.

Daga wannan gwaji ɗaya abubuwa da dama ke fitowa. Idan ruwa ya shiga ƙwayar tsiro, jakar na kumbura ta tokare bango, bangon kuma ya hana ta fashewa, wannan matsin ne ke tsayar da ganye da ɗanyen kara. Idan ruwa ya yi ƙaranci matsin ya faɗi, tsiro ya yi yaushi. Ƙwayar dabba ba ta da bango, saboda haka jar ƙwayar jini da aka jefa a ruwa zalla kumbura take yi har ta fashe. Shi ya sa ruwan gishirin da ake ƙara wa majiyyaci ta jijiya ake haɗa shi a kan kashi 0.9 cikin ɗari, daidai da kaurin ruwan jiki.

Shi kansa tantanin shafi biyu ne na wani irin kitse da ake kira fosfolifid. Kowane fosfolifid guda na da kai mai son ruwa da jela biyu masu gudunsa, don haka suke jeruwa kawuna a waje, jela a ciki suna fuskantar juna. A cikin wannan shafi furotin iri-iri ke yawo, wasu ƙofofi ne, wasu famfo, wasu masu karɓar saƙo daga waje. Singer da Nicolson ne suka gabatar da wannan siffa a 1972. Iskar oksijin da kabon dayoksaid na ratsa kitsen kai tsaye. Ruwa na da ƙofofinsa na musamman, akwaforin, waɗanda Peter Agre da abokan aikinsa suka tabbatar da aikinsu a 1992. Akwai kuma famfon da ke fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu a kowane zagaye, yana cin makamashi, wanda Jens Skou ya gano a 1957. Bambancin cajin lantarki tsakanin ciki da waje, wanda jijiyoyin saƙo da tsoka ke aiki da shi, a kan aikin wannan famfo ya dogara.

Mataki na huɗu: ƙwayar jikinka

Kurkure baki da ruwa. Goga sabuwar auduga a cikin kumatunka a hankali, ba sai ka ji zafi ba, ka shafa a tsakiyar gilashi. Ɗiga metilin ɗigo ɗaya, ka jira minti ɗaya, ka rufe, ka tsotse rarar da takarda. Jefa audugar nan take a ruwan bilic, gilashin ma can zai je idan ka gama, kuma kowa samfurinsa kaɗai zai taɓa. Rinin na kama fata da tufafi.

Nemo su a sau 100, sannan ka koma 400. Za ka ga faffaɗan ƙwayoyi masu shuɗi-shuɗi, ba su da tsayayyar siffa, wasu sun naɗe, wasu sun hau juna. Faɗin kowace wajen maikuromita 50 zuwa 60 ne, ka gwada da filinka na 450 ka gani. Nukiliyas na tsakiya, ya yi shuɗi sosai saboda metilin na kama DNA. Babu bango, babu babbar jakar ruwa. Ajiye zanen nan kusa da na albasa, bambancin ƙwayar tsiro da ta dabba ya fito ba tare da ka haddace jadawali ba.

A cikin nukiliyas ɗin nan mai shuɗi akwai kuromosom 46, wato ƙunshe-ƙunshen DNA, kuma da za a warware DNA ɗin da ke cikinsu a haɗa baki da baki, zai kai tsawon wajen mita 2. An naɗe shi ne a jikin wasu furotin da ake kira histon. DNA ɗin ƙwayar kumatu iri ɗaya ne da na ƙwayar hanta ko ta ƙwaƙwalwar mutum ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne sashen umarnin da kowace ke karantawa.

Duba saman ƙwayoyin da kyau. Sau da yawa akwai ƙananan ɗigo-ɗigo ko 'yan sanduna masu duhu, wani lokaci a jere. Bakteriya ne na baki, tsawonsu maikuromita ɗaya zuwa biyu. Antonie van Leeuwenhoek na garin Delft a Holan ya ga irinsu a dattin haƙori ya kuma bayyana su a 1683, da ɗan gilashi guda da ya goge da hannunsa. Su ma ƙwayoyi ne cikakku, suna da tantani da saitoplazam da raibosom da DNA, sai dai DNA ɗinsu ba ya cikin nukiliyas, kuma ba su da sassan ciki masu nasu tantani. Wannan ne babban rabon da ke tsakanin masu rai: masu nukiliyas, wato dabbobi da tsirrai da fangas (dangin naman kaza) da ire-irensu, da marasa nukiliyas. Magani ma a kan wannan bambanci yake tafiya. Fenisilin na hana bakteriya gina bangonsu, wanda aka yi da wani abu da jikinmu ba shi da shi. Tetirasaikilin na tsayar da raibosom ɗinsu, wanda ya bambanta da namu. Bairos ba ƙwayar halitta ba ce, ba ta da bango ko raibosom, don haka waɗannan magunguna ba sa taɓa ta.

Mataki na biyar: koren ganye

Ciro ƙaramin ganye daga saman tsiron ruwa da ake kira Elodiya, ko ganyen gansakuka, ka sa a ruwa zalla ba rini. Ganyen ƙasa na yau da kullum ya yi kauri. A sau 400 kowace ƙwaya cike take da koren ƙwallaye, kowane wajen maikuromita 5. Kuloroflas ke nan. A cikinsu ake amfani da hasken rana a fasa ruwa, a saki oksijin, a haɗa sukari daga kabon dayoksaid.

Bar samfurin a ƙarƙashin hasken na 'yan mintuna ya ɗan ɗumama, ka duba kusa da jijiyar tsakiyar ganyen Elodiya. Za ka ga koren ƙwallayen na tafiya a layi suna zagaya gefen ƙwaya. Saitoplazam ne ke gudana yana ɗauke da su, a kan wasu zarurrukan furotin da ake kira aktin, wani furotin kuma mai suna mayosin na ja. Irin waɗannan furotin biyu ne ke motsa tsokar jikinka. Suna bin gefe ne saboda jakar ruwa ta mamaye tsakiya, abin da ka riga ka sani daga albasa.

Mataki na shida: cike gurbin abin da haske ba ya nunawa

Zuwa yanzu ka ga bango, nukiliyas, saitoplazam, jakar ruwa, kuloroflas, ka kuma ga alamar tantani. Sauran sassan da ke zanen littafi ba za ka gan su dalla-dalla ba, kuma ba laifin na'urarka ba ne. Ernst Abbe ya nuna a 1873 cewa haske ba ya iya rarrabe abubuwa biyu da tazararsu ta gaza wajen maikuromita 0.2, komai yawan ƙara girman da aka yi. Raibosom kuwa nanomita 20 zuwa 30 ne. Sai da Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera maikuroskof mai amfani da elektiron a Jamus a 1931, aka kuma yi shekaru ana koyon shirya masa samfur, kafin cikin ƙwaya ya bayyana sosai.

Maimakon haddace waɗannan sassa ɗaya bayan ɗaya, bi furotin guda daga farkonsa zuwa fitarsa, kana zana kibiya a takarda. Ɗauki insulin, wanda wasu ƙwayoyi a fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, ke yi. Umarninsa na kan kuromosom na 11 a cikin nukiliyas. DNA ba ya fita, sai a kwafi wannan sashe a kan RNA, wani sinadari ɗan'uwan DNA mai kai saƙo, kwafin ya fita ta ƙofofin da ke jikin tantanin nukiliyas. A waje raibosom ya kama shi, yana karanta haruffa uku-uku, kowane uku na nufin amino asid ɗaya, wato tubalin gina furotin, yana ƙulla su sarƙa. Da yake wannan furotin na fita waje ne, raibosom ɗin na manne wa wata raga ta tantani mai ninki-ninki da ke kewaye da nukiliyas, wato endoplazmik retikulum, ya zura sarƙar ciki, inda ake naɗe ta ta ɗauki siffarta. Daga nan a ɗaure ta a 'yar jaka a kai wa sashen Golgi, wanda ke ɗauke da sunan Camillo Golgi da ya gan shi a 1898. Can ake tantancewa a sake ɗaurewa a jakunkunan ajiya, a cikinsu ne ake datse wani yanki na tsakiya, insulin ya kammala. Idan sukari ya hau a jini, jakunkunan su matsa su haɗe da tantanin waje, su zubar da abin da ke ciki. George Palade ne ya bi sawun wannan hanya a ƙwayoyin fankiriyas masu yin sinadaran narka abinci, aikin da ya sa ya sami kyautar Nobel a 1974 tare da Albert Claude da Christian de Duve. Shi de Duve ne ya gano laisosom a 1955, jakar da ke ɗauke da sinadarai masu narka tsofaffin sassa da abin da ƙwaya ta haɗiye.

Kowane mataki a wannan tafiya na cin makamashi, kuma wasu sassan ƙwaya da ake kira maitokondiriya ne ke samar da mafi yawansa. Suna ƙarasa ƙona abin da aka samu daga sukari da kitse ta amfani da oksijin, su adana makamashin a wani sinadari da ake kira ATP. Yawansu na bin aikin ƙwaya: a tsokar zuciya suna cin kusan kashi ɗaya cikin uku na sararin ƙwayar, jar ƙwayar jinin mutum kuwa ba ta da ko ɗaya, ba ta da nukiliyas ma, shi ya sa ba ta iya gyara kanta, take ƙarewa bayan kwana wajen 120. Tsirrai ma na da maitokondiriya, kuskure ne da ɗalibai ke yawan yi su ɗauka kuloroflas ya maye gurbinsu. Abin da ya fi ba ni sha'awa game da maitokondiriya shi ne suna da tantani biyu, da nasu DNA, da nasu raibosom masu kama da na bakteriya, kuma rabuwa suke yi gida biyu. Kuloroflas ma haka. Lynn Margulis ta kafa hujja a 1967 cewa asalinsu bakteriya ne da suka zauna a cikin wata ƙwaya, kuma binciken DNA daga baya ya goyi bayan haka. A mutum, DNA ɗin maitokondiriya daga uwa ake gadonsa.

Mataki na bakwai: ƙwaya na rabuwa

Wannan na buƙatar haƙuri da kulawar malami, domin akwai asid. Ɗora albasa a bakin kofi, gindinta na taɓa ruwa, ka bar ta kwana uku zuwa biyar har saiwoyi su kai santimita biyu ko uku. Yanke ƙarshen saiwa wajen milimita 5, ka sa a asid haidurokulorik marar ƙarfi, wanda ma'aunin ƙarfinsa mola ɗaya ne, mai ɗumin digiri 60 na Selshiyas, na minti biyar. Sa tabarau na kariya. Asid ɗin na sassauta abin da ke manne bangon ƙwaya da na maƙwabciyarta. Wanke a ruwan sanyi, ka ɗora a gilashi, ka riƙe milimita 2 na can ƙarshen ka yar da saura, domin a nan ne ƙwayoyin ke rabuwa. Ɗiga rinin toluidin mai shuɗi, ka jira minti biyu, ka rufe. Ɗora takarda a kan murfin ka danna da babban yatsa kai tsaye ƙasa, kada ka murza gefe, in ka murza ƙwayoyin za su birkice.

Nemo inda ƙwayoyin suke ƙanana, kusan murabba'i, da manyan nukiliyas. Mafi yawansu, wajen tara cikin goma, za su nuna nukiliyas dunƙulalle lafiya lau. Waɗannan suna girma ne, suna kwafin DNA ɗinsu. A cikin sauran za ka sami wadda kuromosom ɗinta suka fito zare-zare masu kauri, da wadda suka jeru a tsakiya layi ɗaya, da wadda suka rabu gida biyu kowane rukuni na tafiya nasa gefen, da wadda sabon bango ya fara tsirowa tsakanin nukiliyas biyu. Albasa na da kuromosom 16, kuma kowace sabuwar ƙwaya na samun 16 cif. A dabba babu sabon bango, tantani ne ke tsukewa a tsakiya har ya tsinke. Walther Flemming ya bayyana waɗannan matakai dalla-dalla a 1882. Kafin shi Schleiden a 1838 da Schwann a 1839 sun ce tsirrai da dabbobi duka da ƙwayoyi aka gina su, Rudolf Virchow kuma ya yaɗa a 1855 cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwaya take fitowa, bisa abin da Robert Remak ya riga ya lura da shi.

Ƙirga ƙwayoyi 100 a fili biyu ko uku, ka rubuta nawa ke kowane mataki. Matakin da ya fi yawan ƙwayoyi shi ne wanda ya fi cin lokaci, wanda ka sha wuya kafin ka samu kuwa, galibi na rabuwar kuromosom gida biyu, shi ne mafi sauri. Raba adadin masu rabuwa da jimillar da ka ƙirga, ka sami ma'aunin saurin rabuwa a wannan wuri. Likitocin da ke duba yankin naman da ciwon daji ya kama a maikuroskof suna ƙirga ƙwayoyi masu rabuwa ta irin wannan hanya don sanin saurin girmansa. Maimaita ƙirgar a wani yanki na saiwar da ke nesa da ƙarshen da milimita biyar ko shida, za ka tarar ƙwayoyin can sun yi tsawo, jakar ruwa ta buɗe a cikinsu, kuma da wuya ka sami ko ɗaya da ke rabuwa.